Yadda za ka zaɓi manhajar gina shafin intanet ga masu ba ka aiki

Duk wanda ya fara karɓar aikin gina shafin intanet, ko a Kano yake ko a Maraɗi, sai ya tsaya gaban tambaya guda: da wace manhaja zan gina wannan? Ana nufin manhajar da masu sana'ar ke kira CMS, wadda ke ba mai shafi damar shiga da sunansa da kalmar sirri ya sa labari, ya canza hoto, ya gyara farashi, ba tare da ya taɓa kod ba. Yawancin matasa suna zaɓen wadda suka fara koya, ko wadda ake yayi a YouTube a wannan watan. Sai bayan an miƙa aiki an karɓi cikon kuɗi matsalar ke fitowa, ranar da sakataren makaranta ya kasa sa sanarwar hutu, ko ranar da kuɗin sabuntawa ya zo da dala alhali mai shafin bai taɓa jin labarinsa ba. Matakan da ke tafe an jera su ne bisa tunanin mutumin da zai riƙe shafin bayan ka tafi, da kuɗin da zai riƙa fita kowace shekara.

Mataki na farko: zauna da mai aikin kafin ka buɗe kwamfuta

Mai aiki ba ya zuwa da sunan manhaja. Zuwa yake da buri. Alhajin da ke sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari zai ce maka, "Ni dai irin na Jumia nake so." Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka ce to. Ka tambaye shi: "Ranka ya daɗe, idan mutum ya ga leshin da yake so, me zai biyo baya? A shafin zai biya, ko zai kira a yi ciniki?" Sau da yawa amsar ita ce za a yi magana a WhatsApp, a tura kuɗi ta banki, yaron shago ya kai kaya tasha. Idan haka ne, abin da Alhaji ke buƙata shi ne kundin hotuna da farashi da maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya, kuma wannan aiki ne daban da cikakken kanti mai kwandon saye da biyan kuɗi da ƙidayar kaya.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wa zai riƙa sa abu a shafin. Ka nemi a nuna maka mutumin, ka ga wayarsa, ka ji ko yana da kwamfuta. Sannan ka ji sau nawa za a riƙa sabunta shafin: kullum kamar gidan jarida, sau ɗaya a zango kamar makaranta, ko kuwa sau ɗaya a shekara kamar ofishin lauya. Ka tambayi mutum nawa za su riƙa shiga, kuma ko akwai wanda sai ya duba rubutu kafin a sake shi. Ka tambayi harsuna: Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci, ko har da Larabci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kuma ba kowace rigar shafi ke iya ɗaukarsa ba. Rigar shafi ita ce tsarin kamanni da ake ɗora wa manhajar, launi da jeri da siffar haruffa.

Ka rubuta amsoshin a takarda guda, ka karanta masa, ya amince. Wannan takardar ce za ta raba ku gardama bayan wata uku idan ya ce ai tun farko ya ce a sa wurin duba sakamakon jarrabawa.

Mataki na biyu: haya ko naka

Manhajojin nan gida biyu ne. Na farko su ne waɗanda kamfani ke riƙe da komai, kai dai ka biya kuɗin wata ka shiga ka yi gini: Wix, Squarespace, Shopify, Webflow. Na biyu su ne waɗanda ake saukewa kyauta a ɗora a kan sabar da ka kama da kanka, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta a intanet: WordPress, Joomla, Drupal. Bambancin kamar na hayar shago ne da gini a filinka. A haya, mai gida ke gyara rufi, amma shi ke yanka kuɗi, kuma ranar da ka tashi ba za ka tafi da bango ba. A filinka babu mai korarka, sai dai duk abin da ya lalace kai ne da shi.

A Najeriya maganar haya maganar dala ce. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗora shafin mai aikinsa a kan biyan wata da dala ya ga kuɗin ya ninka fiye da sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Akwai kuma lokacin da bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. A Nijar abin da ɗan sauƙi ta fuskar canji, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma samun katin da zai yi biyan waje shi ma aiki ne. Saboda haka kafin ka zaɓi gidan haya, ka tabbata mai aikin yana da hanyar biya da kansa. Idan da katinka za a riƙa biya, ka ɗaura wa kanka igiya a wuya.

Mataki na uku: san kowace da abin da ta ƙware a kai

WordPress ta fito a 2003 daga hannun Matt Mullenweg da Mike Little, kuma a yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Wannan yawan shi ne babban dalilin zaɓenta, fiye da duk wata fasahar da ke cikinta. Kusan kowane kamfanin masaukin shafi, wato masu ba da hayar saba, yana da maɓallin ɗora ta cikin minti kaɗan. Kowace matsala ka ci karo da ita, wani ya riga ka, amsar tana intanet. Idan ka yi tafiya ko ka canza sana'a, mai aikin zai sami wani a garinsa da zai ci gaba. Ga fulogin kusan dubu sittin kyauta a rumbunta, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara mata don ta yi abin da ba ta zo da shi ba. Da WooCommerce takan zama kanti, da Polylang ko WPML takan yi harsuna biyu ko fiye. A lura: WordPress.org ita ce wadda ake saukewa kyauta, WordPress.com kuwa gidan haya ne na kamfanin Automattic. Sabbin shiga da yawa suna rikita su.

Rauninta shi ma daga yawan ya fito. Masu kutse sun fi farautarta, kuma mafi yawan ƙofofin da suke samu a fulogin suke, ba a uwar manhajar ba. Shafin da aka loda wa fulogin talatin da riga mai nauyi yakan yi ta jan ƙafa a waya. Ko ta fuskar shugabanci ma ba ta rasa ƙura ba: rikicin 2024 tsakanin Automattic da kamfanin masaukin shafi WP Engine ya kai har an karɓe ACF, wani fulogin na WP Engine, a rumbun WordPress.org aka sake masa suna. Duk da haka, a ganina, ga makaranta, asibiti, ƙungiya, ƙaramin kamfani da gidan jarida na intanet, da ita ya kamata ka fara tunani, sai in akwai dalilin barinta.

Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fitar a 2001, ta manyan ayyuka ce: jami'a mai sassa da yawa, hukuma mai matakan amincewa kafin a wallafa, wurin da bayanai iri-iri ke da alaƙa da juna. Tsarin izininta da yadda take tsara nau'o'in bayanai sun fi na WordPress ƙarfi tun daga tushe. Amma koyonta na cin lokaci, masu iya ta kaɗan ne a arewa, kuma ƙaura daga tsohuwa zuwa sabuwa takan zama kamar sabon gini. Drupal 7 ta fito a 2011, aka daina tallafa mata ranar 5 ga Janairu, 2025, kuma masu ita da yawa sun sha wuya kafin su koma sabuwa, domin tun daga Drupal 8 a 2015 aka sake mata tushe. Kada ka ɗauke ta sai mai aikin yana da kasafin kula da ita na shekaru.

Joomla, wadda ta ɓalle daga Mambo a 2005, tana tsakiya. Tana zuwa da harsuna da yawa da tsarin izini ba sai an ƙara fulogin ba. Idan ka riga ka iya ta, ko ka gaji shafin da ke kanta, babu laifi. Ba zan ce wa sabon shiga ya fara da ita ba.

Shopify ta Kanada kanti ce zalla, kuma ta iya aikinta: ba ruwanka da saba, ba ruwanka da sabuntawa. Sai dai tsarin biyan kuɗinta na cikin gida, Shopify Payments, ba ya aiki a Najeriya, don haka sai an haɗa da kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack, ita kuma Shopify tana cire wani kaso a kowane ciniki idan aka yi amfani da na waje, ban da kuɗin wata. Ta dace da mai sayarwa da yawa, musamman mai aika kaya ƙasashen waje. Mai sayar da turaren wuta da humra da ke samun oda biyar a mako, kuɗin watan zai cinye ribarta.

Ghost, wadda ta fito a 2013, ta marubuta ce da masu aika wasiƙar labarai ta imel. Tana da sauri da tsabta, amma a kan wata fasaha dabam mai suna Node.js take gudu, ba za ta zauna a masauki mai araha irin na cPanel cikin sauƙi ba, kuma karɓar kuɗin masu rajista a cikinta ta kamfanin karɓar kuɗi na Stripe ne. Idan abin da makaranta ke so darussa ne da jarrabawa ta intanet, wannan aikin Moodle ne, kada ka wahalar da WordPress.

Sai masu raba wurin rubutu da fuskar shafi, irin su Strapi da Sanity da Contentful, inda kai za ka gina fuskar da kod ɗinka. Matasan da suka koyi React, wani kayan gina fuskar shafi da kod, suna son su, kuma suna da amfani idan bayanai guda za su tafi shafi da manhajar waya a lokaci ɗaya. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: don mai aikin kake zaɓenta, ko don ka gwada abin da ka koya? Shafin asibiti mai shafuka bakwai ba ya buƙatar wannan. Wani aikin ma ba ya buƙatar CMS gaba ɗaya. Idan shafi biyar ne da ba za a taɓa ba sai shekara-shekara, ka gina shi da HTML zalla ko manhajar Hugo, babu rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da CMS ke zuba rubutu a ciki, balle a kutsa, babu abin sabuntawa.

Mataki na huɗu: lissafa kuɗin shekara uku

Ka ɗauki manhajoji biyu da suka rage a hannunka, ka rubuta abin da kowace za ta ci cikin shekara uku: sunan shafi, masauki, riga idan ta saye ce, fulogin masu lasisin shekara, imel na kamfani, da ladan kulawarka. Kamfanonin masauki da yawa suna karya farashin shekarar farko, don haka farashin sabuntawa za ka duba. Sunan da ya ƙare da .ng ko .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, da naira ake biya ta hannun dillalan cikin gida, wannan kuwa sauƙi ne. Takardar tsaro ta SSL kyauta ce ta Let's Encrypt, kuma dole ce, tunda tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Ka nuna wa mai aikin wannan lissafin tun kafin ya ba da kuɗin somin-taɓi.

Mataki na biyar: gwada kafin ka yi alkawari

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka ɗora manhajar a kwamfutarka da XAMPP ko Local, manhajojin da ke mai da kwamfuta sabar gwaji, ko a wani lungu na masaukinka, ka sa shafuka uku na gaske. Sannan ka kira mutumin da aka nuna maka a mataki na farko, ka miƙa masa wayarsa, ka ce ya sa sanarwa da hoto. Kada ka taimaka, ka zuba ido kawai. Za ka ga inda yatsansa ya tsaya, inda ya danna abin da bai kamata ba, inda ya ɗago ya kalle ka. Idan shafin da Elementor aka gina shi, wato fulogin ɗin jera fuskar shafi ta hanyar jan akwatuna, mai yiwuwa ya ja wani akwati da kuskure ya wargaza fuskar gaba ɗaya, domin irin waɗannan kayan jeri ba a yi su don ƙaramin allon waya ba. Maganin shi ne ka ware masa wurin rubutu mai sauƙi, take da rubutu da hoto, ka kulle sauran.

Gwaji na biyu namu ne na masu rubuta Hausa. Ka rubuta take kamar "Ƙungiyar ɗalibai ta ɓullo da sabon tsari", ka wallafa, ka duba abubuwa uku. Na ɗaya, kamannin haruffa: idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito da wata siffa dabam da sauran, ko suka zama ɗan akwati, nau'in haruffan rigar ba shi da su. Noto Sans da Andika da Charis suna da su, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Na biyu, adireshin labarin: sau da yawa ƙ takan rikiɗe ta zama %c6%99 idan aka kwafi adireshin aka tura a WhatsApp, sai ya yi tsawo ya yi muni. Ka koya wa mai rubutu ya riƙa gyara adireshin da haruffa marasa lanƙwasa, take kuwa ya bar shi daidai. Na uku, akwatin nema: ka rubuta "kungiya" da k mara lanƙwasa ka gani ko zai kawo labarin, domin yawancin masu karatu haka za su rubuta. Idan haruffan suka koma alamar tambaya bayan ajiyewa, rumbun bayanan ne ba a saita shi a kan tsarin ajiye haruffa na utf8mb4 ba.

Idan akwai biyan kuɗi, Paystack da Flutterwave duk suna da fulogin na WooCommerce da yanayin gwaji da katunan gwaji. Ka yi ciniki daga farko har ƙarshe, ka ga ko saƙon oda ya iso imel ko ya faɗa cikin tarkace. Daga nan ka kashe Wi-Fi, ka buɗe shafin da data a waya mai araha, a wurin da sabis ba shi da ƙarfi. PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, zai ba ka maki, amma haƙurin mai kallo shi ne ma'aunin gaske. Mafi yawan nauyi daga hotuna yake, waɗanda aka ɗora kai tsaye daga kyamarar waya. A rage girmansu, a mayar da su nau'in hoto mara nauyi na WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021.

Mataki na shida: tace fulogin, tsara tsaro

Kafin ka ɗora kowane fulogin, ka duba ranar da aka sabunta shi na ƙarshe, yawan masu amfani da shi, da ko mai shi yana amsa koke. Wanda ya shekara biyu ba a taɓa ba, ka bar shi. Akwai kuma riguna da fulogin na kuɗi da ake rabawa kyauta a Telegram bayan an fasa lasisinsu. Araha ba ta ado: da yawansu an cusa musu ƙofar baya, wata rana mai makaranta zai buɗe shafinsa ya tarar yana tallan caca, kuma sunanka ne zai ɓaci. Idan kasafin bai kai ba, ka yi aiki da na kyauta na halal.

Ka saita kwafin ajiya mai tafiya da kansa zuwa wani wuri dabam da sabar, kamar Google Drive, sannan ka gwada maido da shi sau ɗaya, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Idan shafin yana karɓar sunaye da lambobin waya ko bayanan ɗalibai da marasa lafiya, ka sani Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma mai shafin yana da alhaki a ƙarƙashinta.

Mataki na bakwai: duba ƙofar fita, sannan ka miƙa makullai

Kafin ka yanke hukunci na ƙarshe, ka tambayi yadda za a fita idan an gaji. WordPress tana fitar da rubuce-rubuce a fayil guda, kuma ana iya kwashe shafin dungurungum zuwa wani masauki. Shopify tana ba da jerin kaya da na abokan ciniki a fayil ɗin CSV, amma fuskar kantin sai an sake ginawa. Wix ba ta barin a ɗauki shafi a kai wata saba. Ka faɗa wa mai aikin wannan da bakinka.

Sunan shafi da masauki, da sunan mai aikin da imel ɗinsa za a yi rajistarsu. Wasu suna riƙewa da sunansu don kada mai aiki ya kuɓuce musu, kuma wannan ɗabi'ar ce ta sa 'yan kasuwa da yawa ke ɗari-ɗari da masu sana'armu. Ka ba mai shafin babban makulli a rubuce ya adana, ma'aikacinsa kuwa ka buɗe masa matsayin Editor, wanda zai iya rubutu da gyara amma ba zai iya goge fulogin ko canza riga ba. Ka ɗauki gajerun bidiyo da Hausa na yadda ake sa labari da yadda ake canza hoto, ka tura musu a WhatsApp, don ma'aikaci na iya barin aiki, sabon da ya zo kuma daga nan zai koya.

Sai yarjejeniyar kulawa, a rubuce: nawa ne a wata ko a shekara, me ta ƙunsa, me ba ta ƙunsa ba. Sabuntawa da kwafin ajiya da gyaran abin da ya karye suna ciki. Ƙara sabon sashe aiki ne dabam mai farashinsa. Idan mai aikin ya ce ba zai biya kulawa ba, to wannan ma ya shiga lissafin zaɓi: ka koma mataki na uku ka ɗauki abin da zai iya zama shi kaɗai, shafi mara rumbun bayanai, ko WordPress mai fulogin uku ko huɗu da aka kunna wa sabuntawa ta kai tsaye. Ranar ƙarewar sunan shafi da ta masauki kuma ka sa su a kalandarka da tasa, da tunatarwa wata guda kafin lokacin.